Filin Likita: lambobin awon jinin mai korona da ke kwance a reya, me suke faɗa?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan makon kusan duk kan abu ɗaya suka taru, takardun awon jini na mutanen da korona ta kai ɗakin kulawa ta musamman, wanda mu nan muke ce ma reya. Yawancin takardun tsofaffi ne an tono su daga akwati, amma akwai mai jinyar da mahaifiyarta ke kwance yanzu haka. Na rage tsawon wasu saƙonnin, sunaye kuma na cire kamar kullum.

TAMBAYA: Salam Dokta dan Allah ina da tambaya da ta daɗe tana cina a rai. Babanmu ya rasu a 2021 lokacin korona, kwana tara yayi a reya, toh kwanan nan muna gyaran ɗakin Inna na ci karo da ambulan ɗin takardunshi, naga an rubuta CRP 192, feritin 1400, sai wani D-dima da likita ya zagaye da jan biro har sau biyu. Yayana yace wai tun ranar farko likitocin sun san bazai tashi ba kawai sun barmu muna ta sayen odonans (magungunan da likita ke rubutawa) ne har muka saida fili, wlh tunda ya faɗi haka bana iya barci. Da gaske ne waɗannan lambobin suna nuna mutum zai mutu?
Daga wata 'yar uwa, Yelwa, Garwa

AMSA: Wa alaikis salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Baba, ya sa jinyar da yayi ta zama kaffara, ku kuma ya baku ladan ɗawainiya. Amsar a taƙaice a'a, babu likitan da zai kalli waɗannan lambobi uku ya san wane zai rasu wane zai tashi. Abin da lambobin suka gaya ma likita shine Baba na cikin masu haɗari sosai, a sa mishi ido, a ƙara magani kaza. Amma bari in warware miki, don na san a'a kaɗai bazata dawo miki da barci ba.

Korona mai tsanani hawa biyu take yi. A makon farko ƙwayar cutar ce ke hayayyafa a hanci da maƙogwaro har zuwa huhu, zazzaɓi, tari, ciwon jiki, wani ya daina jin ƙamshi, kuma mafi yawan mutane daga nan suke miƙewa. Wasu kuma tsakanin kwana 7 zuwa 10, daidai lokacin da 'yan gida ke cewa ai sauƙi ya fara samuwa, sai numfashi ya fara gagara. A lokacin ita ƙwayar cutar ma sau da yawa ta fara ja baya, garkuwar jikin mutum ce ta wuce gona da iri. Kamar manomi ne ya cinna wuta a gona da rani don ya ƙone ciyawa, iskar hunturu ta kwashe ta ta kai rumbu. Huhu ya kumbura, ƙananan jakunkunan iska su cika da ruwa, bangon jijiyoyin jini ya ji rauni jini ya fara daskarewa inda bai kamata ba. Waɗannan awon da kika gani duk wannan kumburin suke aunawa, babu wanda ke ƙirga ƙwayar korona a cikinsu.

CRP hanta ke yin shi. Idan fararen ƙwayoyin jini suka ci karo da cuta sai su saki wasu sinadarai na aika saƙo, babba a cikinsu ana ce mishi intalukin 6, a takarda IL-6, shi ne ke zuwa ya ce ma hanta ta zubo CRP cikin jini. Lafiyayyen mutum bai cika kai 6 ba. Yana fara hawa cikin awa 6 zuwa 8, ya kai ƙololuwa wajen kwana biyu, idan abin da ya tada shi ya kwanta kuma kusan duk awa 19 yana raguwa da rabi. Shi ya sa likitoci ke son shi, yana bin halin da jiki ke ciki da sauri kuma kusan ko wane labo na yin shi. 192 babbar lamba ce, ba zan ɓoye miki ba.

Feritin kuma ma'ajiyar sinadarin ƙarfe ce a jiki, a namiji babba bai cika wuce 300 zuwa 400 ba, amma da kumburi ko ciwon hanta sai ya yi sama, 1400 na tafiya ne da waccan 192 ɗin, labari ɗaya suke bayarwa.

Wanda aka zagaye da jan biro shi na fi so ki fahimta. D-dima ɓurɓushin gudan jini ne da jiki ya narkar, idan ya yi yawa toh jini na daskarewa a wani wuri jiki na ta ƙoƙarin narkarwa. Tun watan Maris na 2020 likitocin Wuhan a ƙasar Sin suka fitar da bayanin majinyata 191 daga asibitoci biyu, 54 sun rasu, suka ga waɗanda suka shigo da D-dima sama da 1 a ma'aunin da suka yi amfani da shi sun fi rasuwa nesa ba kusa ba. Daga nan duk duniya aka farga da maganar daskarewar jini a korona. Toh likitan da ya ga wannan lamba me zai yi? Zai tabbatar ana ba mara lafiya maganin hana jini daskarewa, kuma idan numfashi ya canza farat ɗaya zai yi tunanin gudan jini ya toshe jijiyar huhu. Ki tuna ko akwai wata 'yar ƙaramar allura da ake yi ma Baba a fatar ciki kullum, wadda take zuwa da ruwanta a cikin sirinji, tana barin ɗan baƙin tabo gefen cibiya. In akwai, toh ita ce, kuma tana cikin masu tsada a odonans ɗin da kuka riƙa saya. Jan biron nan na wanda ke neman abin yi ne ƙanwata, likitan da ya yanke ƙauna baya ɓata tawada.

A Niyok ma, asibitocin Mount Sinai sun auna sinadaran saƙon nan a jinin mutum 1,484 ranar da aka kwantar da su, suka ga masu IL-6 da wani da ake ce ma TNF da yawa sun fi rasuwa, ko bayan an cire tasirin shekaru da sauran cututtuka a lissafi. Duk wannan gaskiya ne. Amma ki lura da irin maganar, magana ce ta taro. Idan ka tara mutum ɗari masu babbar lamba da wasu ɗari masu ƙarama, gawa zata fi yawa a rukunin farko, sai dai a cikin rukunin farkon nan akwai da yawa da suka koma gida da ƙafarsu, kuma babu wanda ya isa ya nuna su da yatsa tun ranar farko. Da likitocin sun ce muku ku kwashe shi ku tafi gida saboda 192, da shine za a ce sun yi laifi.

Ki karanta ma Yaya wannan a hankali, shima baƙin ciki ne ke magana a bakinshi, ga rashin uba ga rashin fili.

TAMBAYA: Dokta barka da aiki. Ni abin da ya ɗaure min kai, uwargidana CRP ɗinta ya wuce 200 a lokacin, aka ce mu yi ta addu'a, yau gata nan garau har ta sake haihuwa. Maƙwabcina kuma abokin kasuwancina da muke tsallaka gadar Ngeli tare, nashi ko 100 bai kai ba ya rasu. Toh ina amfanin awon kenan, ba cin kuɗi bane kawai?
Daga wani Alhaji, Kuseri

AMSA: Alhaji barka kadai, Allah ya ƙara ma Hajiya lafiya ya raya abin da aka samu, shi kuma abokinka Allah ya gafarta mishi. Baka faɗa min shekarunsu ba amma tunda Hajiya ta sake haihuwa na san ba tsohuwa bace, kuma zan iya cewa kusan tabbas abokin naka ya girme ta. Toh shekaru na da nauyi sosai a wannan ciwo. Bayan shekaru sai ciwon suga, hawan jini, ciwon ƙoda, ƙiba, kuma maza sun fi mata mutuwa da korona. Mace mai shekara talatin da wani abu da lafiyayyar ƙoda da zuciya zata iya jure kumburin da zai kayar da dattijo mai suga ko da nashi rabin nata ne.

Sai maganar yaushe aka ɗauki jinin. Lamba ɗaya ta rana ɗaya bata cika faɗin komai ba, inda ta dosa ake dubawa. Wanda yau 200, jibi 120, bayan kwana biyu 60, yana kan hanyar gida. Wanda yau 40, jibi 90, ga numfashi na ƙara sauri, shi ne abin tsoro duk da ko sau ɗaya bai kai 200 ɗin na farkon ba. Zai yiwu takardar da ka gani ta abokinka ta farkon shigarshi ce, abin da ya biyo baya baka gani ba. Kuma mutum na iya rasuwa ta hanyar da CRP baya gani sosai, gudan jini ya toshe huhu cikin minti kaɗan, ko ƙoda ta tsaya, ko zuciya.

Akwai wani abu kuma da aka gano a ƙarshen 2020 da ni kaina ya bani mamaki. Masu bincike a Faris da Niyok sun duba jinin mutum 987 da korona ta kai su bakin mutuwa, suka samu 101 a cikinsu, wato kamar ɗaya cikin goma, jikinsu na ƙera wani abu da ke kashe intaferon, sinadarin da ya kamata ya fara tare ƙwayar cutar tun kwanakin farko. Kusan dukansu maza ne. Irin wannan mutum yana yawonshi lafiya lau bai san yana da wannan rauni ba, kuma babu shi a awon da ake yi a asibitocinmu. Ban ce shi ya samu abokinka ba, ina nuna maka ne cewa abin da ke cikin jini ya fi abin da ke kan takarda yawa.

Cin kuɗi kuwa, ya danganta. CRP duk bayan kwana biyu ga wanda ke reya yana da amfani, yana canza magani. A maimaita feritin kullum safiya, wannan ni ban ga dalilinshi ba, kuma kana da haƙƙin ka tambayi likita da ladabi, wannan awon in ya fito me zai canza?

TAMBAYA: Slm likita ni sikila ce, nayi zazzaɓi aka min bilan (awon jini) CRP 48 feritin kuma sama da 1000, ƙawata tace irin na masu korona ne, hankalina ya tashi.
Daga wata ɗaliba, Marwa

AMSA: Kwantar da hankalinki 'yata. Waɗannan awon basu san sunan cuta ba. Zazzaɓin sauro na tada CRP, taifot na tada shi, tarin fuka, ƙurji, ciwon haƙori mai ruɓa, har rikicin sikilar kanta. Feritin kuma a mai sikila, musamman wadda aka sha yi ma ƙarin jini, dama a sama yake zama saboda ƙarfen da ke taruwa, D-dima ma haka, kamar yadda yake hawa a mai ciki. Korona da tsinken hanci ake gane ta. Ki koma a duba miki palu, wato zazzaɓin sauro, tukuna in ba a duba ba, kuma ki nuna ma likitan da ke bin sikilarki wannan feritin ɗin, shi ya san nawa yake a baya. Amma zazzaɓi a mai sikila ba abin zama a gida bane, in kika ji ciwon ƙirji ko numfashi na miki wuya ki tafi asibiti a daren, kar ki jira gari ya waye.

TAMBAYA: Malam likita tunda kunce kumburi ne ke kashe mutane kuma naji deksa ke kwantar dashi, ga shi araha a ko wane kyamis har masu tallar magani a kasuwa suna dashi, me zai hana in mutum ya fara mura da tari ya sha abinshi tun wuri kafin abin ya kai ga reya? Rigakafi ai ya fi magani.
Daga wani mai shago, Tongo, Ngaundare

AMSA: Ɗan'uwa karin maganar daidai ce amma ba nan wurinta bane, kuma dan Allah kar ka gwada. Ga yadda abin yake. A watan Yuni na 2020 jami'ar Oksfod ta sanar da sakamakon wani babban gwaji da aka yi a asibitocin Birtaniya mai suna RECOVERY, mutum 2,104 aka ba deksametazon, wato deksa ɗin, miligiram 6 sau ɗaya a rana har zuwa kwana 10, aka kwatanta su da 4,321 da ba a ba su ba. A cikin waɗanda ke kan injin numfashi, masu deksa kusan 29 cikin ɗari suka rasu, marasa shi 41, wannan babban bambanci ne, shi ne magani na farko da aka tabbatar yana rage mutuwar korona. Masu shan oksijin kawai, 23 da 26, ɗan amfani. Toh waɗanda basa buƙatar oksijin fa, irin mai mura da tarin da kake magana? Masu deksa kusan 18 cikin ɗari, marasa shi 14. Babu amfani ko kaɗan, alamar ma ta fi karkata ga cutarwa.

Dalilin a fili yake, a makon farko garkuwar jikinka ce ke yi maka yaƙi da ƙwayar cutar, ka sha deksa ka danne ta ka buɗe ma cutar ƙofa. Sai lokacin da garkuwar ta zama ita ce matsalar ake danne ta, kuma alamar wannan lokacin shine oksijin ɗin jini ya sauka, wanda kai a shago baka da yadda za ka sani.

Banda haka deksa na haura suga, mutum bai san yana da ciwon suga ba sai ya sha kwana biyar a kawo shi a sume. Yana tada tarin fuka da ke kwance, yana haura jini, yana iya jawo gyambon ciki ya yi jini musamman in an haɗa da magungunan ciwon jiki. Kuma tunda maganar ta zo bari in faɗa, shi ne dai ke cikin wasu ƙwayoyin nan na sha ka fashe da 'yan mata ke sha don su yi ƙiba kafin biki, fuska ta kumbura ciki ya fito ƙafafu su tsotse, wannan ba ƙibar lafiya bace. Wadda ta daɗe tana sha kuma kar ta yanke rana ɗaya, wannan ma haɗari ne, ta je a rage mata a hankali, kuma in ciwo ya kwantar da ita ta faɗa ma likita gaskiya tana sha.

TAMBAYA: Gaisuwa Dokta. Ni ɗalibin aikin jinya ne ina sitaj (koyon aiki a asibiti), a littafi ana ta maganar IL-6 da su furokalsitonin amma inda nake daga NFS (awon ƙirga ƙwayoyin jini) sai CRP, shima CRP ɗin kullum 6 ko 12 ko 24 ko 48 yake fitowa ban taɓa ganin 37 ko 80 ba. Ta yaya mutum zai gane mai tsanani da waɗannan kawai, kuma ina CRP 75 da naji ana faɗa ya samo asali?
Daga wani ɗalibi, Njamena

AMSA: Madalla ɗana, kana lura. Lambobin da kake gani na nuna labon ku da hannu suke yi ba da inji ba. Je ka tsaya bayan mai awon ka gani, zai ɗiga ruwan jinin a kan wani baƙin kati mai da'ira, ya ɗiga farin ruwan gwajin a kai ya juya katin a hankali minti biyu, in ya ga ya yi tsaki-tsaki toh akwai CRP aƙalla 6. Sai ya sirka jinin rabi da rabi ya sake, in ya sake yin tsaki 12, ya ƙara sirkawa 24, haka 48, 96, 192. Kenan in an rubuta 96, gaskiyar lambar na wani wuri tsakanin 96 da 192. Mutum zai iya sauka daga 180 zuwa 100 takarda na ta cewa 96, ko ya hau daga 90 zuwa 100 ka ga ta yi tsalle daga 48 zuwa 96 ka firgita a banza. In ka san wannan bazaka ruɗe ba, kuma kar ka kwatanta sakamakon labo biyu daban kamar ma'auninsu ɗaya.

NFS ɗin da kake rainawa akwai kaya a ciki. Duba limfosit, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini ne, a babban mutum ƙasa da 1,000 ya yi ƙasa, kuma a korona mai tsanani suna faɗuwa, wanda nashi ke ci gaba da faɗuwa kwana bayan kwana yana cikin haɗari, wanda suka fara dawowa yawanci ya juyo. Sai ka raba adadin nutrofil, shima nau'in fararen ƙwayoyin jini ne, da na limfosit, a lafiyayye yana zama wajen 1 zuwa 3, in ka ga 10 ko 15 ka san jiki na cikin wahala. Amma abu biyu. Da zarar an fara deksa shi kanshi yana haura nutrofil ya sauke limfosit, lissafin ya gurɓace. Na biyu, mu baƙar fata na wannan yanki da yawanmu nutrofil ɗinmu dama a ƙasa yake tun haihuwa kuma lafiya lau muke, don haka iyakar da aka yanka a kan majinyatan Sin ko Turai ba lallai ta zauna daidai a kanmu ba, ka fi dogara da yadda lambar mutum ɗaya ke tafiya.

75 ɗin daga RECOVERY ɗin dai ya fito. Da suka zo gwada tosilizumab, maganin da ke toshe inda IL-6 ke kamawa, sun ɗauki mutum 4,116 masu ƙarancin oksijin da CRP 75 ko sama, masu maganin 31 cikin ɗari suka rasu, marasa shi 35, kuma yawancinsu suna kan deksa dama. A watan Yuli na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a riƙa ba masu tsanani shi. Ka ga su kansu turawan da CRP suka zaɓi majinyata ba da IL-6 ba, don haka rashin wannan awon ba shi ne babban rashinku ba. Ka riƙe wannan kuma ko don jarrabawa, bayan tosilizumab CRP na faɗuwa ƙasa warwas ko da bakteriya na cin mutum, zazzaɓi ma na iya ɓoyewa, saukarshi a nan ba shaidar warkewa bace.

Furokalsitonin amfaninshi a gane ko bakteriya ta shigo ta hau kan korona, don a san ko a ba da antibayotik, amma a nan palu mai tsanani ma na tada shi. In babu, ka kula da CRP da ya sauka ya sake hawa, sabon zazzaɓi, majina ta canza kala, sai ka duba wurin allurar ruwa da robar fitsari. Guguwar sitokin, wato ambaliyar sinadaran saƙon nan irin su IL-6, da aka yi ta faɗa a rediyo kuwa, da aka kwatanta an ga IL-6 na masu korona mai tsanani bai ma kusa da na masu gubar bakteriya a jini ba, don haka ni ban cika son a riƙa zuzuta ta ba.

TAMBAYA: Dokta ina rubuto maka ne daga barandar asibiti, Mamana shekara 68 tana da suga, an kwantar da ita a reya kwana uku kenan, sunce ciwon huhu ne kuma gwaji ya nuna korona, ni na zata ma ta ƙare. Ana bani takardu ina kaiwa ina karɓowa ban san me zan tambaya ba, likita in ya fito sauri yake, jiya CRP 96 yau ban karɓo ba tukuna. Me zan duba?
Daga wata mai jinya, Garwa

AMSA: Sannu 'yar uwa, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba Mama lafiya. Korona bata ƙare ba, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage ranar 5 ga Mayu 2023 dokar ta-ɓaci ce, ƙwayar cutar na nan tana yawo kuma irin su Mama take kayarwa, tsofaffi masu suga.

Kafin takarda ki fara da oksijin. Tambayar farko in likita ko mai jinya ya fito, lita nawa take sha yau, jiya nawa ne? In jiya 10 yau 6 kuma ɗan abin da ke maƙale a yatsarta na nuna sama da 90, wannan albishir ne da ya fi duk wata lambar labo. In kuma ana ta ƙarawa, toh ko CRP ya sauka ba a fita daji ba. Shi abin yatsan ma ki sani yana iya ƙara ma baƙar fata maki, wani bincike a jami'ar Mishigan ta Amurka a ƙarshen 2020 ya nuna ya fi ɓoye ƙarancin oksijin a baƙaƙe kusan ninki uku kan farare, baƙin lalle da jan farce da sanyin hannu ma na rikita shi. Don haka in an barki kin shiga ki kalli ƙirjinta ki ƙirga numfashi na minti ɗaya da agogon wayarki, sama da 30 ki kira mai jinya, haka in ta fara ruɗewa ko barcin da ba a iya tada ta sosai.

Sai suga, tunda tana shan oksijin akwai yiwuwar an sa mata deksa, kuma zai haura sugar, ki tambaya sau nawa ake aunawa a rana kuma ko an koma insulin. Ki tambayi fitsari nawa ta yi da awon ƙoda, sunanshi kiriyatinin. Ki tambaya ko tana samun allurar hana daskarewar jini, in ba a bata ba akwai dalili, ki ji shi. In sunce ta kwanta rub da ciki ki lallashe ta ta yi, yana buɗe bayan huhu, tsofaffi basa so amma yana taimakawa.

Abin da ya sa na sa oksijin a gaba, a 2021 an fitar da bayanin majinyatan korona 3,140 da aka kai sashen kulawa ta musamman a asibitoci 64 na ƙasashen Afirka 10, har da Najeriya da Nijar, babu Kamaru da Cadi a ciki amma halinmu bai yi nisa da nasu ba. Kusan 48 cikin ɗari sun rasu cikin kwana 30, alhali a sauran duniya wajen 31 ne. Abubuwan da suka tafi tare da mutuwar akwai suga, ciwon ƙoda, ciwon hanta, ƙanjamau, da jinkirin samun gado saboda ƙarancin kayan aiki. Mama ta riga ta samu gado, saura kar oksijin ya yanke, in kwalba ce ki san wa ke canza ta da dare kuma ki riƙa leƙa allurar agogon da ke kanta, in injin wuta ne ki tambayi abin da ake yi in an ɗauke wuta.

CRP ɗin kuma ki samu ƙaramin littafi ki riƙa rubuta kwanan wata da lambar da litar oksijin na ranar a layi ɗaya, a labo ɗaya za ki riƙa yi, in yau ya sake fitowa 96 kar ki tsorata, ki karanta amsar da na ba ɗalibin Njamena a sama. Ki rubuta tambayoyinki uku tun dare ki tare likita da su bayan zagayen safe, mai sauri ma yana tsayawa in ya ga tambayar a shirye take. Kuma duk jiƙo ko rubutu ko ƙwayar da dangi za su kawo, a nuna ma masu jinya kafin ya shiga bakinta, saboda ƙoda da kuma shaƙewa. Ki rubuto mana yadda ta kwana.